Ƙafafun Gaba Na Ce Ya Kalla

Ranar da ɗana ya sa aka rushe rumbun ƙasa na bayan ɗakina domin a gina shagon bulo, ban yi kuka ba, amma na yini ba na son kowa ya yi mini magana. Ba hatsi ne ya dame ni ba, hatsi yanzu a buhu yake kwana da ƙwayar magani a cikinsa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne mazauna bangon da aka kora ba sallama. Jikata ta tambaye ni su wane ne, na ce gizo-gizo, sai ta kalli uwarta irin kallon da ake yi idan tsohuwa ta fara ruɗewa. Ban ruɗe ba. Su ne dai ba su taɓa zama wuri guda sun kalli abu ba, in ba waya ba. Gidan nan kullum cikin feshin maganin ƙwari yake, an shafe bango da siminti, an manna tayil, duk abin da ya motsa sai a bi shi da silifa. Ta yaya yarinya za ta san cewa akwai gizo-gizo wanda ba ya saƙa yana a lungu, wanda yake fitowa da rana tsaka ya yi farauta da ƙafarsa kamar kyanwa?

Ƙanƙane ne, bai kai ƙwayar wake ba. Yana da manyan idanu biyu a gaba kamar fitilar mota, kuma idan kika matso ba ya gudu, juyowa yake yi ya ɗaga kai ya kalle ki, kamar mai gida da aka shigo masa ba izini. Ƙafafunsa takwas gajeru ne, gaɓa-gaɓa, masu gashi. Na gaban su ne masu kauri, da su yake rungumar ƙuda. A tafin kowace akwai wani lallausan gashi da yake sa shi ya hau bayan kwanon sha mai santsi, ko madubin Inna, kamar yana tafiya a kan tabarma. Tafiyarsa ma ba irin ta kowa ba ce. Zai yi ɗan gudu, ya tsaya cak, ya juya gaba ɗaya, ya sake ɗan gudu. Idan ya hango ƙuda sai ya rage tsawo, ya lallaɓa, ya tattara ƙafafun baya a ƙarƙashinsa, ya danna gindinsa a bango ya manna zare. Daga nan ido ba ya ganin sauran. Yana nan, sai ki gan shi can, da ƙuda a hannu. Idan kuma ya kuskure, zai yi lilo a kan zarensa, ya hau ya koma inda ya taso, ba ko jin kunya.

Na san wannan duka ne domin aikin da aka fi ba ni ina budurwa shi ne tsaron shanya. A baza dawa ko kuɓewa a gindin rumbu, a zaunar da ni da kara a hannu ina korar kaji da awaki. Yini guda ne na zama. Daga nan ina jin luguden matan gida, da kukan jakin maƙwabta, da Inna tana faɗa da ƙannena rabi da Hausa rabi da yarenmu na C'lela, domin idan ranta ya ɓaci Hausa ba ta isar ta. A cikin zanena kuma akwai littafi. Matar wani direba da ke zuwa Kano ce take ara mana littattafan soyayya, mu karanta har bangonsu ya yi laushi kamar tsumma. A cikinsu samari suna zuwa zance da mota da ƙamshin turare, suna cewa ke ce hasken idona, ba na iya cin abinci saboda ke. Ni kuwa sai in ɗaga kai daga shafi in ga akuya tana cin kuɓewa.

Kakata ta wajen uba takan zauna kusa da ni tana ɓarar gyaɗa. Ita ta fara nuna mini cewa gizo-gizon nan ba ya da cinya. Ta ce in dubi fara, in dubi kwaɗo, duk mai tsalle cinyarsa ta baya ƙatuwa ce, amma shi wannan ƙafafunsa na baya ba su fi sauran ba. Wata rana ta tsinto matacce a ƙasa ta ɗora mini a tafin hannu, ƙafafunsa duk sun naɗe zuwa ciki. Ta ce haka suke mutuwa kullum, ba za ki taɓa ganin gawarsa da ƙafa a miƙe ba, domin naɗewa ce ta jijiya, miƙewa kuwa ruwan jikinsa ne yake turawa cikin ƙafar da ƙarfi, in ruwan ya tsaya shi ke nan. Jikata ta ce haka ma malaminsu na kimiyya ya faɗa, wai jini ne yake cika ƙafar lokaci guda har ta harba shi sama. Ta faɗe shi tana latsa waya, ko ɗagowa ba ta yi ba. Sun san amsa, ba su san dabbar ba.

To a wancan zamanin akwai wanda yake yi mini golmo. Yaran yanzu sai an yi musu bayani. Saurayin da ke son yarinya shi da abokansa za su yi ta noma gonar ubanta damina bayan damina, tun tana ƙarama har ta isa, kafin a ba shi ita. Babanmu ya musulunta tun yana saurayi, ba ya wasa da salla, amma ya ce shi ba zai karɓi suruki daga hannun tela da mai turare ba, sai ya ga bayansa a duƙe. Yanzu kuwa yaro zai tsaya a ƙofar gida a kan babur, bai kashe inji ba, ya danna oda, yarinya ta fita. Ba wanda ya taɓa ganin tafin hannunsa. Gonakin ma da yawa na wajen Bena da Wasagu an bar su saboda rashin kwanciyar hankali, to ina za a duƙa?

Nawa saurayin ɗan kokawa ne, baƙi, mai faɗin kafaɗa, idan ya kama garma abokansa sai sun roƙe shi ya rage gudu. Ni na zaɓe shi, ba wanda ya tilasta ni, kuma ina son sa har cikin ƙashina. Amma Allah bai ba shi baki ba. Idan ya zo zance da yamma zai tsaya nesa da ni kamar an kafa turmi, ya gaida Kaka, ya gaida ni, sai shiru. In na yi sa'a ya ce mini ruwan bana ya yi kyau. Na taɓa karanta masa shafi guda daga littafi, inda saurayi yake kuka a gaban budurwa. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaye ni, shi wannan mutumin ba ya da gona ne?

A shekararsa ta ƙarshe ta golmo, wajen ƙarshen damina, ya shigo ajiye kayan aiki ya same ni a gindin rumbu. A daidai lokacin namijin gizo-gizo yana neman mace a bango. Wanda bai taɓa gani ba ba zai yarda ba. Namijin yakan ɗaga ƙafafunsa biyu na gaba sama kamar mai roƙo, ya karkaɗa su, ya yi taku gefe, ya dawo ɗaya gefen, ya sauke, ya sake ɗagawa, jikinsa yana rawa, yana matsowa a hankali. Ita kuwa tana zaune tana kallonsa, ta fi shi girma, in ba ta gamsu ba ta juya masa baya, in ma ranta ya ɓaci ta kai masa cafka. Duk da haka yake rawarsa.

“Zo ka gani,” na ce masa.

“Mi zan gani?”

“Ka duƙo dai. Ka ga wannan? Bai kai ƙwayar wake ba, amma ya san yadda ake neman mace. Kai kuwa kullum ruwan bana.”

Kaka ta yi dariya har gyaɗa ta zube daga cinyarta. “Angona, ka ji ko? An ce ƙwaro ya fi ka. Ka bar ta ka dawo wurina, ni ruwan bana ya ishe ni.”

Bai yi dariya ba. Ya tsuguna, ya sa hannu a haɓa, ya zuba wa bangon ido. Macen ta gaji ta yi gaba, namijin ya tattara ƙafafun baya ya yi tsalle daga jikin rumbu zuwa kan murfin tukunya. Na ji saurayina ya ja numfashi.

“Ka gani?” na ce.

“Na gani,” ya ce.

Na kwana ina murna. Na ɗauka gobe zai zo da waƙa, ko kalma mai daɗi, ko dai ya ɗaga hannu ya yi mini wani abu da zan ba ƙawayena labari. Ƙafafun gaba na nuna masa, kowa a wurin shaida ne. Ashe shi ɗan kokawa, na baya ya kalla.

Daga ranar ya zama ɗan gidan bangon nan. Da an tashi daga gona zai zo ya tsuguna, ni ina gefe da sabon ɗaurin kallabi, ko kallona ba ya yi. Ya tambayi Kaka da me abin yake tashi tunda ba cinya, ta ba shi labarin ruwan jiki. Bayan haka abokansa suka fara cewa ba su gane masa ba, sukan same shi a bayan gona ya tsuguna, ya riƙe numfashi har jijiyoyin wuyansa su tashi, idonsa ya yi ja, sannan ya daka tsalle. Wai yana tura jini ƙafa. Na ji labarin na yi tsaki, ban kawo komai a raina ba, domin 'yan kokawa ba a raba su da irin wannan.

Tsakanin gonar Baba da hanyar gida akwai ƙorama mai zurfin gaɓa, ruwa ya ci ƙasar ya bar rami da duwatsu a ƙasa. Kowa zagayawa yake yi ta mashigi can ƙasa. Ranar tonon gyaɗa na ɗauko wa 'yan golmo abinci, tuwon dawa a ƙwarya da kunu, ni da ƙawayena biyu. Muna isowa daidai bakin ramin sai na hango shi a ɗaya gaɓar, a gindin ɗorawa, ba riga. Abokansa sun bar aiki sun taru. Baba ma yana tsaye da hauya a kafaɗa. Sai na lura akwai igiya a ƙugunsa, ɗaya bakin kuma a ɗaure a jikin ɗorawar. Bai bar komai ba, har zaren ya kwaikwaya.

“Tsaya nan,” ya ce mini. “Kada ki zagaya. Zan zo in karɓa.”

“Ka zo ta ina?”

Ya tsuguna, ya cika ƙirji da iska, ya riƙe. Ba zan yi ƙarya ba, a wannan ɗan lokacin zuciyata ta buga irin bugun da ake faɗa a littafi. Ya taho a guje ya tashi sama, kuma wallahi ya tashi, na ga tafin ƙafarsa da sararin sama a ƙarƙashinsa, na ga fuskarsa tana zuwa wurina. Sai igiyar ta ƙare. Ta fizge shi a tsakiyar iska kamar an kira shi daga baya, ya juya, ya bugi gaɓar da ya taso, kullin ya kwance, ya sauka a kan duwatsu. Ƙarar da ƙafarsa ta yi, kamar an karya busasshen kara, har yau in ana karya itace a kicin sai na runtse ido.

Aka ɗauke shi a kan ƙyauren kara zuwa wurin maɗori. Ƙashin ƙwauri ne ya karye. Aka ja, aka jera karare aka ɗaure, bai yi ko tari ba. Garin kuwa ya samu abin dariya. Yara suka riƙa ɗaura igiya a ƙugu suna tsallake kwata.

Baba bai yi dariya ba. Da magariba ya tara Inna da Kaka, ni ina bayan zana ina ji.

“Ni ban ba da ɗiyata ga mutumin da ya ɗaure kansa da igiya kamar akuya ya faɗa rami,” ya ce. “Gobe in ta ce tana son farin wata, sai ya hau rumbu ya faɗo mini da jikoki.”

Kaka ta ce, “Shekarun da ya yi yana duƙe a gonarka fa? Ruwa ya tafi da su?”

Baba ya juya wurin Kaka. “Kin san dokar gidan nan. Damin farko na dawa suruki ke kawo shi da kansa daga gona har bakin rumbu. Haka na yi a gidan su uwar yarinyar nan. In ya kawo, na ji. In bai kawo ba, ko wani ya taɓa masa, magana ta mutu, kuma kada a sake tashe ta.”

Dawa ta riga ta yi kai, ta fara ja. Kowa ya san ƙashi ba zai haɗe kafin yanka ba, Baba ma ya sani. A kwanakin nan na daina karatu. Na buɗe littafi sai in ji haushin kowa a ciki, masu mota da masu kuka, ba wanda ya taɓa karya ko yatsa. Na je gaishe shi sau ɗaya tare da Kaka, yana kwance ƙafa a miƙe. Na tanadi maganganu masu zafi cike da baki, da na gan shi sai suka gudu. Shi kuma ya kalle ni ya ce, an ce gyaɗar ta yi 'ya'ya.

Ranar yankan dawa abokansa suka kawo shi gona a kan jaki tun da safe. Suka yanka, suka ɗaure damin farko, suka ajiye a gabansa suka ja baya, domin Baba ya aiko ƙanensa ya tsaya shaida. Ya gwada miƙewa da sanda, damin a ka. Taku ɗaya ƙafar ta ƙi, ya zube. Ya sake, ya sake zubewa. Sai ya zauna a ƙasa yana kallon hanya. Can ya jawo damin ya ɗora a cinyarsa, ya juya wa gida baya, ya kafa hannuwa biyu a ƙasa, ya tura da ƙafar mai lafiya. Ya matsa kaɗan, karyayyar tana biye a miƙe cikin kararenta. Ya sake kafa hannuwa ya tura.

Haka ya tafi, da baya, a zaune. Ya gangara mashigi, ya ɗaga damin a ka da hannu ɗaya kada ya jiƙe, ya ratsa ruwan yana jan jiki, ya hau ɗaya gaɓar. Waɗanda suka fito don su yi dariya suka bi shi a baya, dariyar ta ƙare musu tun kafin rabin hanya. Ba a yarda in taɓa shi ko damin ba, don haka na yi abin da na iya. Tunda da baya yake tafiya, ni ce idonsa, ina gabansa muna fuskantar juna, ina faɗa masa inda dutse yake da inda ƙaya take, ina kuma zazzaga masa abin da ke cikina.

“Hagu. Na ce hagu, kunnen ma ya karye ne? Wa ya aike ka? Rawa na nuna maka, rawa. Ka ɗaga hannu ka karkaɗa, shi ke nan, ko yaro zai iya.”

“Uhm.”

“Kada ka ce mini uhm. Ga kututture nan. Mutum da girmansa ya zauna ƙwaro ya zama malaminsa.”

“Ke kika ce in duba.”

“Na ce ka duba, ban ce ka zama shi ba.”

Tafin hannunsa ya fashe, wandonsa ya yage, yana barin jini a kan ƙasa. Ina faɗa ina share hawaye da bakin kallabi, ina cewa rana ce ta shiga idona. Sai bayan la'asar muka shiga gida. Baba yana zaune a gindin rumbu da carbi, bai tashi ba, bai ɗago ba, har saurayina ya ja jiki ya zo ya jingina bayansa da bangon, damin a cinyarsa, ko zangarniya ɗaya ba ta faɗi ba. Baba ya daɗe yana kallon hannuwan nan. Sannan ya ajiye carbi, ya sunkuya da kansa ya ɗauke damin, abin da bai taɓa yi wa wani suruki ba. Ya juyo wurina fuskarsa a ɗaure.

“Ke kuma kin tsaya kina kallona. Kawo wa mijinki ruwa.”

Na kawo a kwanon sha. Na durƙusa a gabansa na riƙe masa, domin hannunsa ba ya iya riƙewa. Ya shanye, ya ɗago ya kalle ni, ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba. Na ce a raina yau dai ga ta nan, kalmar da na yi shekaru ina jira, gaban kowa da kowa. Na riƙe numfashi. Ya matso da bakinsa kusa da kunnena ya ce, “Da igiyar ta ƙara ko kamu ɗaya, da na haye.”

Yana nan zaune a ƙofar gida yanzu haka, gemu fari fat, ƙafar a miƙe a kan buzu domin ba ta sake lanƙwasuwa daidai ba. Mun haifi 'ya'ya, mun binne iyaye, mun aurar da jikoki. Bai taɓa ce mini hasken idonsa ba, kuma har jiya da na tayar da zancen bai canza magana ba, laifin igiya ne.